Darasi na 14: Ƙera Mazauni da Kabad na Sifika a Gida Mai Ƙananan Yara

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. nuna sassan sifika da suka fi saurin lalacewa da dalilin lalacewarsu;
2. lissafa ƙarfin da zai iya kifar da mazaunin sifika;
3. zaɓar hanyar da ta dace da ɗakinsa cikin hanyoyi uku: ratayewa a bango, mazauni mai nauyi, ko kabad mai raga;
4. rubuta awo a takarda yadda kafinta ko mai walda zai yi aiki da shi.

Shimfiɗa

Da wuya a shiga gida yau, a birni ko a ƙauye, a rasa sifika. Wata ta rediyo ce, wata ta talabijin, wata kuma irin dogayen nan ce da ake jerawa cikin kayan ɗakin amarya. Da ita ake sauraron tafsiri da azumi, da ita ake jin labaran duniya da sassafe, da ita ake kallon fim da ƙwallo. Kuɗi ake sa wa a saye ta, wani lokaci ma sai an yi adashi.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai Allah ya kawo ƙaruwa. Yaro ya fara rarrafe, ya fara dafa abu yana miƙewa. Abin da ke daidai tsayinsa, mai ƙara, mai ƙyalli, mai motsi idan ana kiɗa, shi zai nufa. Nan da nan sai a ga tsakiyar sifika ta lotsa, ko waya ta tsinke, ko kuma a ji rugum, akwatin ya faɗo.

Iyaye da yawa tsawa suke yi, wasu har da duka. Amma ɗan shekara ɗaya da hannu da baki yake sanin duniya, kuma Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Nauyin kiyayewa yana kan babba. Darasin yau zai nuna cewa awo mai kyau da katako mai ƙwari suna yin aikin da tsawa ba ta yi. Kariyar kuma fuska biyu gare ta: a tsare sifika daga yaro, a tsare yaro daga sifika. Ta biyun ita ce gaba, domin sifika ana sayen wata.

1. Abin da ke cikin sifika

Irin sifikar da muke amfani da ita yau ta samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu, Chester Rice da Edward Kellogg, na kamfanin General Electric a Amurka, waɗanda suka bayyana tsarinta a 1925. Har yanzu tsarin bai sauya sosai ba. A bayanta akwai maganaɗisu. A tsakiyar maganaɗisun akwai naɗin siririyar waya. Naɗin yana manne da wani ƙoƙo na takarda ko roba. Idan lantarki ya bi ta naɗin, sai ya riƙa kai da komowa, ƙoƙon ya tura iska, kunne ya ji sauti. Aikin ƙoƙon daidai yake da na fatar kalangu: idan ta huje ko ta saki, murya ta tafi.

Wurare huɗu ne hannun yaro ya fi yi wa illa.

Na farko, hular tsakiya. Ita ce 'yar kumburarriyar da'irar da ke tsakiyar ƙoƙon. Aikinta hana ƙura shiga wurin naɗin waya. Siffarta ta abin dannawa ce, shi ya sa yatsan yaro yake fara sauka a kanta. Idan an danna da ƙarfi ta gefe ɗaya, naɗin yana iya karkacewa ya riƙa gugar maganaɗisu, domin sararin da ke tsakaninsu siriri ne ƙwarai. Daga nan sai a riƙa jin karce cikin murya.

Na biyu, ƙaramar sifikar sama, wadda masu gyara ke kira tuwita. Ita ke fitar da siririn sauti. Faɗin kanta yawanci inci ɗaya ne, kuma da siririn yadi ko ƙarfe marar kauri ake yin sa. Na ƙarfe idan ya lotsa ba ya komawa daidai.

Na uku, robar ko soson da ya kewaye bakin ƙoƙon. Farce ko tsinken tsintsiya ya isa ya yaga shi.

Na huɗu, ramin iska. Akwatunan sifika da yawa suna da wani rami a gaba ko a baya wanda ke ƙara wa sauti kauri. Yara suna cusa masa ƙwallon dabino, gyaɗa, murfin biro da guntun biskit. Abin da ya faɗa ciki sai ya riƙa kaɗawa, abinci kuma ya jawo kyankyasai da ɓeraye. Allura da ƙusa kuwa maganaɗisu ne zai fizge su, su maƙale inda hannu ba ya kai wa.

2. Haɗarin da ke kan yaro

Babban haɗari shi ne faɗowa. Dogon abu mai siririn gindi ba ya buƙatar ƙarfi sosai kafin ya kife. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad-kabad na tufafi kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun faɗo kan yara sun kashe su. A ƙarshen 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa masu ƙera irin waɗannan kayan su gwada su kafin sayarwa. A wurinmu yawancin kayan ɗaki kafintan unguwa ne ke yi, babu wata hukuma da za ta zo ta gwada. Maigida da uwargida su ne masu gwaji.

Haɗari na biyu waya ce. Yaro yana ja, abin da ke sama ya biyo ta. Yana iya naɗa ta a wuya, yana iya kai ta baki. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, kuma ta isa kisa.

Na uku, ƙananan abubuwa: noti, maɓallin ƙara murya da ya cire, da ɗan batirin nan mai faɗin kwabo da ake sa wa wasu rimot. Idan yaro ya haɗiye irin wannan batir ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. A garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya ƙoƙarin sa shi amai.

Na huɗu, ƙarar kanta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin sauraro ta na'urorin kunne: babba kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Ba kowa ke da na'urar auna ƙara ba, amma akwai alama mai sauƙi. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Yaron da ke rarrafe kuwa kunnensa yana dab da bakin sifikar da ke ƙasa, don haka abin da yake ji ya fi abin da na kan kujera ke ji.

3. Lissafin kifewa

Abubuwa uku ne ke nuna ko mazauni zai tsaya ko zai kife: nauyinsa, faɗin gindinsa, da tsayin inda aka tura shi. Ga ƙa'idar:

Ƙarfin da zai kifar = nauyi × rabin faɗin gindi ÷ tsayin inda aka tura.

Misali na ɗaya. Sifika da mazauninta sun yi kilo 8. Faɗin gindi santimita 24, rabinsa 12. Yaro ya dafa a tsayin santimita 80.

8 × 12 ÷ 80 = 1.2

Ma'ana, turin da bai kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba ya isa ya kifar da shi.

Misali na biyu. An cika cikin mazaunin da yashi kilo 12, nauyi ya koma kilo 20. Gindi yana nan yadda yake.

20 × 12 ÷ 80 = 3

Misali na uku. Nauyi kilo 20, an faɗaɗa gindi zuwa santimita 40, rabinsa 20.

20 × 20 ÷ 80 = 5

Ku duba da kyau. Da yashi da ƙarin katako kaɗan, ƙarfin tsayuwar ya ninka fiye da sau huɗu. Amma ɗan shekara ɗaya nauyinsa yakan kai kilo 9 zuwa 10. Idan ya kama sama ya saki jikinsa baya, kilo 5 ba zai riƙe shi ba. Saboda haka nauyi da faɗi suna rage haɗari, ɗauri a bango kuma shi ke kawar da shi. Duk abin da ya fi yaro tsayi a ɗaure shi.

4. Hanya ta farko: ratayewa a bango

Ga ƙananan sifikoki babu hanyar da ta kai wannan sauƙi da araha. Abin da hannu bai kai ba, ba ya ɓatawa.

A fara da auna yaron. A sa shi ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu sama, a yi alama da alli. A ƙara aƙalla santimita 30 a kan alamar, domin yana girma, kuma zai koyi jawo kujera 'yar tsugunno ya taka. Tun da sifikar ta haura kan masu zama, a sunkuyar da fuskarta kaɗan ta kalli inda ake zama, domin siririn sauti miƙe yake tafiya, ba ya bazuwa kamar mai kauri.

Mai walda zai iya haɗa maratayi da ƙarfe mai kusurwa. A gaya masa nauyin sifikar, a ce ya yi wanda zai ɗauki ninki uku. A yi masa baki a gaba da gefe don kada girgizar kiɗa ta zamo da akwatin, a ƙara 'yar sarƙa ko maɗauri a baya.

Sai a duba bangon. Bulo yana da rami a ciki, don haka a nemi inda yake da cikakken jiki, a huda, a cusa robar nan da masu wayarin ke kira fisha, sannan a ɗaura dogon sukuru. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, girgiza tana kwance ta a hankali. Kada a huda daidai saman soket ko makunnin fitila, ko daidai ƙasansu, nan ne wayar wuta ta bi a cikin bango. Ginin ƙasa kuwa ba ya riƙe fisha. Ko dai a zura dogon ƙarfe mai noti ya ratsa bangon a tare shi da faffaɗan katako ta baya, ko a bar ratayewa a koma ga kabad. A kowane hali kada a rataye sifika a saman gado ko inda ake shimfiɗe jariri.

5. Hanya ta biyu: mazauni mai nauyi

Wannan ya dace da matsakaiciyar sifika a ɗakin da ake zama kan kujeru. Sassa uku gare shi.

Gindi: a yanka filawud mai kaurin milimita 18, wato inci uku bisa huɗu, guda biyu, kowanne santimita 40 faɗi da tsawo. A manna su da gam su zama ɗaya. A zagaye kusurwoyin huɗu, a goge su da samfefa, domin daidai goshin mai rarrafe suke.

Ginshiƙi: a haɗa falankai huɗu su zama bututu mai kusurwa huɗu, cikinsa santimita 12 ta kowane gefe, tsawonsa 55. Wannan sarari zai ci yashi kimanin kilo 12. A tankaɗe yashin, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a zuba cikin leda mai kauri kafin a sa a ciki. Ɗanyen yashi yana ruɓar da katako, wanda ba a sa a leda ba kuma yana tsiyaya ta tsagi. Bayan nauyi, yashi yana shanye girgiza, sauti ya ƙara fita tas. A haɗa ginshiƙi da gindi da dogayen sukuru daga ƙasa, haɗe da gam.

Sama: a yanka katako daidai girman gindin sifikar, a kewaye shi da baki mai tsayin santimita 2. A shimfiɗa 'yar roba a kai. Idan sifikar tana da ramukan noti a ƙasanta, a ɗaure ta da su. Idan babu, a zagaye ta da maɗaurin nailan irin na jaka, ya bi ta ƙarƙashin katakon. Kada a huda akwatin sifika da ka, domin iska za ta riƙa fita ta ramin, kuma akwai wayoyi a ciki.

Duka tsayin zai kai kimanin santimita 60, wanda zai kawo tuwita kusa da kunnen mai zaune kan kujera. Wasu mazaunan kanti suna zuwa da ƙafafu na ƙarfe masu tsini. A cire su, a maye gurbinsu da robar tsohuwar taya. A ƙarshe a ɗaure saman ginshiƙin da bango da gajeren maɗauri, wanda bai kai tsawon da yaro zai zura kansa ba.

6. Hanya ta uku: kabad mai raga

Idan sifikoki manya ne, ko suna haɗe da amfilifaya da dikoda da tarin wayoyi, kabad ya fi dacewa. A lura, ba a ciro sifika daga akwatinta na asali. Masu ƙera ta sun auna girman akwatin daidai da ita, sauya shi yana sauya murya. Kabad ɗaki ne da akwatin zai shiga dungurungum.

Ga ƙa'idojinsa:

a. Zurfinsa daga gaba zuwa baya kada ya gaza santimita 40. Gajere mai faɗi ya fi dogo siriri.

b. Abu mafi nauyi ya zauna a kantar ƙasa.

c. Fuskar sifika ta matso kusa da ƙofa, tazarar santimita 2 zuwa 3 kawai. Idan ta shige can ciki, sauti yana bugun bangon kabad ya dawo, magana ta daina fita sarai. Idan kuma ta manne da ragar, ƙoƙon zai riƙa taɓa ta idan kiɗa ya yi ƙarfi.

d. A cusa soso a gefe da ƙasa don kada akwatin ya riƙa gugar katako.

e. Idan ramin iska a baya yake, a buɗe bayan kabad daidai wurin a sa raga, kuma a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango.

f. Amfilifaya yana zafi. A bar masa sararin santimita 10 a sama, a huda ramuka a ƙasan kabad da samansa, domin iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, rufe amfilifaya ruf kashe shi ne.

g. Ban da ƙofar gilashi. Tana tare sauti, kuma idan ta fashe ta zama wuƙa.

h. Ban da durowa a ƙasa da manyan mariƙai a jere, domin yaro tsani yake mayar da su. A sa sakata can sama, ko makulli.

i. A ɗaure saman kabad da bango ta wuri biyu. Mai zaman haya ya nemi izinin mai gida. Rami biyu ne, kuma ranar tashi ɗan siminti kaɗan zai toshe su.

7. Zaɓen raga

Ko wace hanya aka bi, fuskar sifika tana son kariya. Yadin da kamfani ke rufe ta da shi yana tare ƙura, amma ba ya tare yatsa, kuma yaro yana cire shi cikin sauƙi. Ragar sauro ta taga ma tana lotsawa idan an danna. Abin da ya fi shi ne farantin ƙarfe mai ƙananan huji, ko ragar waya mai ƙarfi.

Girman hujin yana da ma'auni. Masu gwada kayan lantarki a duniya suna amfani da wani yatsan gwaji mai kaurin milimita 5.6 a matsayin yatsan yaron da bai kai shekara 3 ba. Don haka hujin kada ya wuce milimita 5. Idan fensir ya shige, ba sai an ɗauko ma'auni ba, ya yi faɗi da yawa. A ɗaya ɓangaren kuma ramukan su yi yawa, su cinye kusan rabin farantin ko fiye, in ba haka ba siririn sauti zai dusashe.

A goge bakin ƙarfen, a ɓoye shi cikin firam na katako, a sa siririyar roba tsakaninsu don kada ya riƙa kaɗawa. Sannan a ja baƙin yadi marar kauri a kai. A ɗaga yadin a rana: idan ana hango haske ta cikinsa, kuma iskar baki tana ratsa shi ba wuya, sauti ma zai wuce. Amfanin yadin babba ne, domin abin da yaro bai gani ba bai cika nema ba. Ramin iska shi ma a rufe bakinsa da raga, amma kada a toshe shi da tsumma.

8. Katako, fenti da waya

Filawud mai kauri ya fi dacewa da wannan aiki. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma ya isa mazauni biyu har da saura. Katakon MDF yana da nauyi da santsi, amma yana kumbura idan ya sha ruwa, ga shi gidan yara ba ya rabuwa da zubar ruwa da koko. Idan da shi za a yi, a shafe bakunansa da fenti, a ɗaga shi daga ƙasa da roba. Madaci yana da ƙwari da nauyi, ya dace da firam. Ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano za a saya, ko a Fanteka ta Kaduna, ko a kasuwar garinku, a nemi busasshe. Ɗanyen katako yana tsagewa da hunturu, sukuru ya saki. Inda ake fama da gara, a riƙa duba ƙasan kabad lokaci-lokaci.

Yaro yana lasar katako, mai haƙora kuma yana gatsa. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ga illar dalma a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita ta kashe ɗaruruwan yara. A nemi fentin da ake damawa da ruwa, ko wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma. A bar aikin a waje har warin ya fita.

Waya kuwa kada a bar ko taƙi ɗaya tana lilo. A bi da ita ta bayan ginshiƙi, a danne ta da ƙusoshin waya, ko a sa ta cikin bututun roba mai murfi da ake kafawa a jikin bango. Abin jona wuta mai baki da yawa ya zauna cikin kabad a kulle. Idan wayoyin sifika biyu tsirara suka haɗu, suna iya ƙona amfilifaya, don haka a naɗe bakinsu da kyau.

9. Zuwa wurin kafinta

Kafinta abin da aka gaya masa yake yi. Ku karanta wannan hira bibbiyu.

Uwargida: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam.

Kafinta: Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya. Me za a yi?

Uwargida: Kabad nake so na sifika. Ga awon a takarda: tsayi, faɗi da zurfin kowace, da nauyinsu.

Kafinta: Madalla. A sa gilashi a gaba? Shi ake yayi yanzu.

Uwargida: A'a, Malam, ina da mai rarrafe. Raga ta ƙarfe za a sa, hujinta kada ya wuce milimita 5, a rufe da yadi. Kusurwoyi a zagaye su, sakata a sama.

Kafinta: To, bangon ɗakin bulo ne ko ƙasa?

Uwargida: Bulo ne. Ina so ka zo da kanka ka ɗaure shi.

Kafinta: In sha Allahu. Da kowa zai zo da takarda haka, da aiki ya yi sauƙi.

Yawancin kafintoci da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka santimita 40 ya kusa inci 16, santimita 60 kuma ya kusa inci 24, wato ƙafa 2.

10. Gwaji kafin a saki yara

Bayan an kafa, a fitar da yara daga ɗakin. Babba ya durƙusa daidai tsayin yaro ya duba: me ke lilo, me ke da kaifi, me ke cirewa? Ya kama saman abin ya jawo shi da ƙarfi, gaba da gefe. Ya danna ragar da babban yatsa ya ga ko ta taɓa ƙoƙon. Ya kunna sauti mai kauri ya saurari inda ke kaɗawa. Bayan awa ɗaya ya taɓa saman amfilifaya, idan hannu ba ya iya daɗewa a kai, a ƙara ramukan iska. A maimaita wannan gwaji duk bayan 'yan watanni, domin sukuru yana saki, yaro kuma yana ƙara ƙarfi.

Kada a ajiye alewa, rimot ko wayar hannu a saman kabad. Abin da yaro ya hango a sama shi ke sa shi hawa. Idan ya fara fahimtar magana, a zaunar da shi a nuna masa, a bar shi ya ɗora tafin hannu a kan ragar ya ji motsin sauti, a gaya masa wannan na ji ne, ba na wasa ba. Idan kuma tsautsayi ya auku abu ya faɗo masa a ka, har ya suma, ko yana amai, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Taƙaitawa

Sassan sifika masu rauni su ne hular tsakiya, tuwita, robar baki da ramin iska. Haɗarinta ga yaro shi ne faɗowa, waya, ƙananan abubuwa da yawan ƙara. Nauyi da faɗin gindi suna ƙara tsayuwa, amma ɗauri a bango wajibi ne. Raga ta zama ta ƙarfe, hujinta kada ya wuce milimita 5, kuma a bar wa amfilifaya hanyar iska.

Tambayoyi

1. Me ya sa yashin da za a zuba a ginshiƙi sai ya bushe?
2. Mazauni da sifika sun yi kilo 15, faɗin gindi santimita 32, an tura a tsayin santimita 60. Ƙarfin kilo nawa zai kifar da shi?
3. Kawo dalilai biyu da suka hana a sa ƙofar gilashi.
4. Wace hanya ce ta dace da ɗakin ginin ƙasa? Me ya sa?
5. Me za a yi idan yaro ya haɗiye batirin rimot?

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum huɗu huɗu. Kowane rukuni ya zana kabad na sifika biyu da amfilifaya ɗaya, ya rubuta awon da santimita da kuma inci, sannan mutum ɗaya ya tashi ya yi wa aji bayani.

Aikin gida

Kowa ya auna sifikar gidansa ko ta maƙwabcinsa: tsayi, faɗi, zurfi da nauyi. Ya auna inda hannun ƙaramin yaron gidan ke kai wa a bango. Ya yi lissafin kifewa, ya kawo takardar a zama na gaba. Wanda ya tarar da abin da ke iya faɗowa kan yaro kada ya jira ranar darasi, kuma kada ya jira sai kuɗin kabad sun samu. Ya sauke shi ƙasa ko ya ɗaure shi a daren nan, domin rigakafi ya fi magani.